Injin esfureso ya rage gudu, gahawa ta zama lami: laifin ruwa ne?

Tambaya: Ina da ƙaramin injin esfureso a gida, ya kusa shekara biyu a hannuna. Kwanan nan ruwa ya rage fita, tururi ya yi rauni, wani lokaci ina ganin farin ɓarɓashi a cikin kofi, ga gahawar ta zama lami. Ruwan famfo nake zuba masa bayan na tace shi a buta mai matatar gawayi. An ba ni shawara in koma ruwan distil gaba ɗaya, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, babu ma'adini a cikinsa. Me ya lalace, kuma wane ruwa ya dace da injin?

Amsa: Malam, alamomin nan huɗu da ka lissafa duk hanya ɗaya suke nunawa, wato ɓawon alli ya taru a cikin injin. Amma ina roƙonka kada ka yi gaggawar ɗura masa asid, kada kuma ka bi shawarar ruwan distil zalla. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ka san abin da ke cikin ruwanka, domin duk wankin da za ka yi wa injin, in dai ruwan jiya za ka sake zubawa, matsalar jiya ce za ta dawo.

Kafin mu ɗora wa ruwa laifi, cire mariƙin gari daga kan injin, ka ajiye kofi a ƙasa, ka kunna na daƙiƙa 10. Idan ruwa ya zubo da ƙarfi kamar yadda ya saba, hanyar cikin injin a buɗe take. Ka koma ka duba niƙa, ko garin ya yi laushi fiye da ƙima, ko ka cika shi da yawa, ko ramukan kwandon sun toshe. Idan ruwan yana ɗiga ne ko yana fita a karkace, kwance rariyar da ke ƙarƙashin kan injin ka duba bayanta. Baƙin maiƙo mai danƙo daga gahawa yake, ba daga ruwa ba, kuma sabulun wanke inji irin su Cafiza ko Puly Caff ne maganinsa. Mutane da yawa suna haɗa wannan sabulu da maganin ɓawo, alhali aikinsu ya bambanta: sabulun yana narkar da mai, bai taɓa alli, asid yana narkar da alli, bai iya wanke mai. Idan ka wanke rariya tas amma ruwa bai dawo da ƙarfinsa ba, to toshewar tana can ciki.

Yadda ɓawon yake samuwa ya cancanci ka fahimce shi da kyau, don a kansa sauran maganar ta ginu. Ruwan da ya ratsa ƙasa da duwatsu yana ɗauko kalsiyam da magnesiyam, su ne suke sa a ce ruwa yana da nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Yana kuma ɗauko bayikabonet. Muddin ruwan yana da sanyi, waɗannan suna narke ba ka ganinsu. Da zarar an ɗumama shi, iskar kabon dayoksaid ta fice, bayikabonet ya rikiɗe ya zama kabonet, ya haɗu da kalsiyam, su zama farin dutse su manne a jikin ƙarfe. Yawancin abubuwa zafi yana ƙara musu narkewa, shi kuwa kalsiyam kabonet akasin haka yake: gwargwadon zafin ruwa, gwargwadon saurin daskarewarsa. Ruwan haɗa esfureso yana tsakanin digiri 90 zuwa 96 a ma'aunin Salshiyos, tukunyar tururi kuwa takan kai digiri 120 zuwa 130. Shi ya sa wurin da ya fi zafi a injin, wato jikin ƙarfen ɗumama ruwa, shi ne yake fara yin fari.

Ka lura da wani abu a nan: sai kalsiyam da bayikabonet sun haɗu su biyu ake samun wannan ɓawo. Ruwa mai kalsiyam da yawa amma bayikabonet kaɗan ba ya tara shi sosai, haka ma akasinsa. Wannan ne ƙofar da za mu bi wajen zaɓen ruwa.

Ba sai tukunya ta cika da alli ba injin yake fara ciwo. A yawancin injuna akwai wata 'yar ƙofa mai taƙaita gudun ruwa kafin ya isa kan gari, faɗinta bai kai milimita ɗaya ba. Akwai kuma bawul mai aiki da lantarki wanda yake buɗe ruwa, ya kuma sauke matsi idan ka kashe. Ɓarɓashi guda ɗaya da ya ɓalle daga tukunya ya isa ya toshe ɗaya daga cikinsu. Alamar hakan ita ce famfon cikin injin yana ƙara, sautinsa ya sauya kamar yana dakon kaya, ma'aunin matsi ya hau bar 9 ko sama, amma ruwa ba ya fita. In kuwa bawul ɗin ne ya kasa rufewa da kyau, za ka ga kan injin yana ɗiga bayan ka gama, ko garin da ya rage a kwando ya zama taɓo. Ƙananan injuna da ba su da tukunya, waɗanda suke ɗumama ruwa yayin da yake ratsa siririn bututu a cikin curin ƙarfe, sun fi saurin toshewa saboda hanyar tasu tun asali ƙarama ce.

Raunin tururi yana da tushe biyu. Mai sauƙin shi ne busasshiyar madara ta toshe ramukan bakin bututun. Kwance bakin ka jiƙa shi, ka zura allura. Mai wuyar shi ne ɓawo ya lulluɓe ƙarfen ɗumamawa. Alli ba ya isar da zafi da kyau, don haka ƙarfen yana ƙuna a ciki amma ruwan yana jinkirin tafasa. Injin ya daɗe bai shirya ba, zafin ruwa ya riƙa hawa da sauka, tukunya ta riƙa ƙugi. In aka bar shi haka, wata rana ƙarfen ya ƙone ɗungurungum. Wannan hawa da saukar zafi ma yana da hannu a canjin ɗanɗanon da ka ji.

Idan injinka mai tukunyar tururi daban ne, akwai wata ɓoyayyiyar matsala. Tururi tsantsar ruwa ne. Duk lokacin da ka kumfa madara, ruwa ya fita, ma'adinai suka zauna, sabon ruwa ya shigo da nasa. Wata da watanni, ruwan tukunyar ya fi wanda ka zuba nauyi nesa ba kusa ba. Maganin ba ya cin komai: ka riƙa zuƙe kofi ɗaya ko biyu daga bututun ruwan zafi a kai a kai don sabon ruwa ya maye gurbin tsoho.

Batun butarka mai gawayi: gawayi yana kama kulorin da wari, kuma wannan aiki ne mai kyau, don kulorin yana ɓata ɗanɗano yana kuma cin robobin inji. Amma gawayi shi kaɗai bai rage nauyin ruwa ko kaɗan. Wasu matatun buta, irin na Brita da BWT, suna ɗauke da ƙwayoyin resin, wato wasu 'yan ƙwayoyin roba da suke kama kalsiyam, sai dai ƙarfinsu yana raguwa da sauri a ruwa mai nauyi, tun kafin ranar canji ta zo. Ruwan zai ci gaba da daɗi a baki saboda gawayin yana aiki, shi kuwa allin ya koma wucewa salin-alin.

To yaya za ka san ruwanka? Leƙa cikin butar da kake dafa ruwa da ita. In gindinta ya yi fari, cikin injinka ma haka yake. Wannan ya ba ka labari, amma lamba kake buƙata. Nemi kayan gwaji na ɗigo, irin wanda masu kiwon kifi a gilashi suke amfani da shi, mai kwalba biyu: GH da KH. GH yana auna jimillar kalsiyam da magnesiyam, wato nauyin ruwa. KH yana auna bayikabonet, wato ƙarfin ruwan wajen kashe tsami. Kana zuba mililita 5 na ruwa, kana ɗiga maganin ɗaya bayan ɗaya har launi ya juya. Kowane ɗigo daraja ɗaya ce a ma'aunin Jamus, daidai da kusan ppm 18, wato miligiram 18 a kowace lita. In kana son ƙarin daidaito, ninka ruwan zuwa mililita 10, sai kowane ɗigo ya zama kusan ppm 9. Gwada na famfo kai tsaye, ka gwada wanda ya fito daga matata, sannan ka sake gwada na matatar bayan mako biyu ko uku. Bambancin zai nuna maka ainihin tsawon ran matatarka.

Ƙaramar na'urar nan mai kama da biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna TDS, wato jimillar abin da ya narke a ruwan, ba na son a dogara da ita ita kaɗai. Abin da take aunawa shi ne yadda ruwan yake isar da lantarki, daga nan ta ƙiyasta yawan abin da ya narke. Ba ta bambance kalsiyam da gishiri. Ruwa biyu na iya nuna 150 dukansu, ɗaya yana tara ɓawo, ɗaya yana cin ƙarfe. Amfaninta shi ne duba ko matatar RO, mai cire kusan duk ma'adinan ruwa, tana aiki, ko ruwan tukunyar tururi ya yi kauri.

Ƙungiyar SCA, wadda take fitar da ƙa'idojin gahawa ta musamman, ta sanya nauyin ruwa tsakanin ppm 50 zuwa 175, ƙarfin kashe tsami tsakanin 40 zuwa 70, kulorin kuma babu ko ɗis. Kamfanin La Marzocco na Italiya yana neman nauyi tsakanin 70 zuwa 100 a injunansa, ƙarfin kashe tsami 40 zuwa 80, kulorayid kuma kada ya wuce 30. Ka sani cewa iyakar SCA an yi ta ne da ɗanɗano a zuciya. Ruwa mai 175 zai yi gahawa mai kyau, zai kuma cika tukunya da alli. Ga mai inji a gida, ra'ayina shi ne ka zauna a ƙasan layin: GH wajen 50, KH tsakanin 40 zuwa 50. A nan abin da zai taru kaɗan ne ƙwarai, kuma ruwan bai zama mai cin ƙarfe ba.

Yanzu shawarar ruwan distil. Wanda ya ba ka ita ya yi gaskiya a abu ɗaya: ruwan da babu komai a cikinsa ba zai tara ɓawo ba. Sai dai an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Na farko, ruwan da ba shi da bayikabonet ba shi da abin da zai riƙe pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa. Yana shan iska ya ɗan yi tsami, a cikin zafi kuma ya riƙa lasar jan ƙarfe da tagulla a hankali. Na biyu, injuna da yawa suna gane cikar tukunya ne da wata sandar ƙarfe da take jiran ruwa ya taɓa ta ya isar da ɗan lantarki. Ruwan distil kusan ba ya isar da lantarki, sai injin ya ɗauka tukunya ba ta cika ba, famfo ya yi ta ɗurawa har ruwa ya riƙa fita ta bututun tururi. A wasu kuma fitilar "babu ruwa" ce za ta kama alhali tanki cike yake. Na uku, gahawar takan fito da kaifin tsami, ba jiki.

Akwai maƙiyi na biyu da ba a cika ambata ba, kuma ni ya fi ba ni tsoro fiye da alli: kulorayid. Kada ka haɗa shi da kulorin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Kulorayid ɓangaren gishiri ne, yana yawa a ruwan da ke kusa da teku da wasu rijiyoyi, kuma gawayi ba ya cire shi. A cikin zafi yana huda ƙarfen sitenles da ƙananan ramuka har tukunya ta fara yoyo. Ɓawo ana wanke shi, ramin da kulorayid ya haƙa kuwa sai canjin tukunya. In ka ga tabo mai launin kore ko shuɗi a mahaɗar bututu, ko ka ji ɗanɗanon ƙarfe a ruwan zafi, cin ƙarfe ne ba alli ba, kuma zuba asid a wannan hali ƙara wa ciwo gishiri ne. Rahoton hukumar ruwan yankinka ko gwajin ɗakin bincike zai ba ka adadin kulorayid. In ya haura 30 sosai, matatar RO ko ruwan distil da aka gyara ne mafita.

Wane ruwa ke nan? Ya danganta da abin da gwajin ya nuna. Idan ruwan famfonka nauyi kawai yake da shi, kulorayid kaɗan, hanya mafi sauƙi ita ce gauraya. A ce GH ya nuna 200, KH 160: kashi ɗaya na tataccen ruwan famfo da kashi uku na distil ko na RO zai ba ka 50 da 40. Ka gama.

Idan ruwan kwalba za ka saya, karanta takardar jikinsa, kada sunan ya ruɗe ka. Ninka kalsiyam sau 2.5, ninka magnesiyam sau 4.1, ka haɗa su: nauyin ke nan. Ninka bayikabonet sau 0.82: ƙarfin kashe tsamin ke nan. Evian, mai kalsiyam 80 da magnesiyam 26 da bayikabonet 360, yana ba da nauyi sama da 300 da KH kusan 295. Ruwan sha ne mai kyau, amma zai toshe injinka cikin ɗan lokaci. Volvic, mai kalsiyam 12 da magnesiyam 8 da bayikabonet 74, yana faɗawa wajen 63 da 61, shi ya sa masu injuna da yawa suke amfani da shi. Duk ruwan da takardarsa ba ta nuna waɗannan lambobi ba, gwada shi da ɗigo.

Hanyar da na fi yarda da ita ga wanda ya gaji da wanki ita ce haɗa ruwa da kanka. A kowace lita ta ruwan distil, narka miligiram 100 na fotasiyam bayikabonet. Wannan yana ba da KH wajen 50 ba tare da kalsiyam ko kaɗan ba. Ba abin da zai daskare, sandar auna ruwa tana aiki, ƙarfe kuma ya samu kariya. Auna miligiram 100 yana da wuya a sikelin gida, don haka narka giram 10 a mililita 100 na ruwa ka adana a firji, ka riƙa ɗiban mililita ɗaya da sirinji ga kowace lita. In fotasiyam bai samu ba, miligiram 84 na bekin soda a lita yana ba da KH iri ɗaya. Mai son ƙarin jiki a kofi zai iya ƙara miligiram 120 na gishirin Epsom, wato magnesiyam salfet, a lita, wanda zai ba da nauyin magnesiyam kusan 50. Magnesiyam ba ya tara ɓawo kamar kalsiyam. A 2014 Christopher Hendon da abokan aikinsa sun wallafa bincike da ya nuna magnesiyam yana manne wa sinadaran ɗanɗanon gahawa da ƙarfi, shi ya sa ake son sa a ruwa. A esfureso dai, tunda gari yana da yawa ruwa kaɗan, tasirin ruwa a ɗanɗano bai kai na gahawar da ake tacewa da ruwa mai yawa ba. Don haka lafiyar injin nake sa gaba.

Ƙwayoyin resin da ake sawa a tanki ma suna aiki, in ana canja su ko ana farfaɗo da su a kan lokaci. Iri biyu ne: mai musanya kalsiyam da sodiyam yana barin KH yadda yake, mai musanya shi da haidurojin yana rage KH yana kuma sauke pH. Na biyun a ruwan da dama KH ɗinsa kaɗan ne yana iya mai da shi mai cin ƙarfe. Gwajin ɗigo ne zai faɗa maka.

Lamin da ka ji a gahawa ya dace da KH mai yawa: bayikabonet yana kashe tsamin da ke ba gahawa armashi, sai ta zauna shiru a baki, wani lokaci da ɗan ɗanɗanon alli. Amma ka sunsuna tankin ma. Ruwan da aka cire wa kulorin ba shi da mai gadi. In ya kwana kwanaki a wuri mai ɗumi, santsi yana fitowa a bangon tanki. Wanke shi da sabulu mara ƙamshi duk mako, ka daina ƙara sabon ruwa a kan tsoho.

Saura ɓawon da ya riga ya taru. Fara da littafin injinka, domin tukwane sun bambanta: tsohon Gaggia Classic alminiyam ne, Rancilio Silvia tagulla, wasu sitenles, kuma alminiyam ba ya jure kowane asid. Idan kamfanin yana da nasa maganin, yi amfani da shi. Na De'Longhi, misali, asid ɗin laktik ne. Idan littafin ya yarda da asid ɗin sitirik, giram 20 zuwa 30 a lita ya isa, da ruwa mai ɗumi ba tafasasshe ba, don a tsananin zafi yana iya haɗuwa da kalsiyam ya bar wani sabon farin gari. Binega ba na ba da shawararta: ba ta da ƙarfi sosai, warinta yana daɗewa, kamfanoni da yawa ma sun hana. Cire matatar tanki da rariya, tura kashi ɗaya na maganin ta kan injin da ta bututun tururi, kashe, jira minti 15 zuwa 20, sake turawa, har tanki ya ƙare. Sannan ka ɗauraye da cikakken tanki biyu ko uku na ruwa mai kyau, ka zubar da kofin farko na gahawa.

Idan naka babban inji ne mai tukunya biyu, ko mai irin kan injin da ake kira E61, ka yi hattara. Masu ƙera irin waɗannan da yawa ba sa son a yi musu wankin asid a gida, kuma suna da hujja: asid yana ɓamɓaro ɓawo guntu-guntu, guntayen su bi ruwa su toshe ƙananan ƙofofin da muka ambata, ga shi tukunyar tururi ba ta zubewa gaba ɗaya sai an kwance. A kan E61 akwai wani curi a sama da ake iya kwancewa bayan an cire wuta, injin ya huce sarai, matsi ya sauka; yawan farin da ke jikinsa zai nuna maka halin da cikin yake. In ya yi kauri, kai shi wurin mai gyara ya kwance sassan ya jiƙa su ɗaya-ɗaya.

In ka yi wanki a ƙaramin injin amma ruwa ya ƙara raguwa ko ya tsaya cak, kada ka ɗauka ka kashe shi. Galibi guntun ɓawo ne ya maƙale a bawul ɗin lantarki, kuma kwance shi a tsaftace ƙaramin aiki ne ga wanda ya san hannu. Ranar da ruwa ya dawo daidai, auna yawan abin da yake fita cikin daƙiƙa 10 ba tare da mariƙi ba, ka rubuta lambar a wuri. Ka riƙa maimaita awon duk wata, tare da gwajin GH da KH na ruwan tanki. Da zarar lambar ta fara sauka, ka san lokacin duba matata ya yi, tun kafin farin ɓarɓashi ya sake bayyana a kofi.